Ranar da Hajiya ta warware jan ƙullin 'yan China

Abubuwa da yawa sun same ni a zamanmu na Dubai, na daɗi da na kuka, kuma akasarinsu sun fara dishewa a kaina. Amma ko zan manta da komai, ba zan taɓa manta zuwan surukata ba, da yadda wani tsohon littafin mutanen Sin ya kusa raba ni da ita. Yaran da suke firamare a lokacin yanzu sun fi ni tsawo, amma har yau in na ga jan zare sai na kama kaina ina dariya ni kaɗai.

A lokacin muna zaune a International City, cikin wani ɗan fulat mai ɗaki biyu da falo. Maigidana yana harkar kago, 'yan kasuwa su turo masa saƙo daga Kano, ya sayo musu kaya a babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da mu, ya loda a kwantena. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, ba ya bari mu nemi wani abu mu rasa. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya shawara. In ya yanke abu ya yanku, sai dai ki ji labari daga baya. Ya taɓa sayo mana wasu manyan kujeru masu ruwan gwal, ban san da maganar ba sai da na ji hayaniya a ƙasa. Kujerun nan suka ƙi shiga lifta, suka ƙi juyawa a matakala. Na ce masa, “Abban yara, da ka gaya min ai da na auna maka ƙofa.” Ya ce, “Halas,” wato magana ta ƙare a bakin Larabawa, “an riga an saya.” Haka suka yi kwanaki a bakin ƙofar shiga gini, duk mai jiran tasi ya zauna ya huta a kansu.

A kan kujerun nan ya haɗu da maƙwabcinmu, wani tsoho ɗan China da ya yi ritaya daga koyarwa, ya zo zama wurin ɗansa mai sayar da fitilu. Yana jin Turanci daidai gwargwado. Da ya ji tarihin kujerar da yake zaune a kai, ya yi dariya har da tari, washegari kuma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da littafi a hannunsa. Ya ce aro ne, a kula masa da shi.

Littafin tarin jawabai ne na sarakunansu na dā da waziransu, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki ya yi niyyar wani abu, waziri ya tashi ya yi masa doguwar nasiha, sannan a faɗi abin da ya biyo baya, ko ya ji ko ya ƙi. Shafi ɗaya da rubutunsu, na kusa da shi da Turanci. Tsohon ya cika gefen shafukan da nasa bayanin da jan alƙalami, a farko kuma ya buga wani jan tambari mai kusurwa huɗu. Sannan akwai abin sa alama, jan zare da aka ƙulla shi ƙulli a kan ƙulli har ya zama kamar fure.

Ban zaci maigidana zai karanta ba, domin mutum ne da ko takardar magani ba ya dubawa. Sai ga shi littafin ya kama shi. In ya dawo cin abincin rana sai ya kwanta da shi har barci ya ɗauke shi, ni kuma in zare in tura ƙarƙashin matashi don kada yara su gani. Da na lura yana taɓa shi da hannun miya, sai na naɗe shi cikin wani tsohon farin ɗankwalina. Ku riƙe waɗannan biyun, matashi da farin ƙyalle, don su suka kusa kai ni ƙasa.

Ba a jima ba mutumin nan ya canza. Wata rana ina tankaɗe ya tsaya a ƙofar kicin ya yi gyaran murya, ya ce ya lura duk sarkin da ya toshe kunnensa a littafin nan ƙarshensa bai yi kyau ba, don haka daga yau ya naɗa ni waziriya. Na ɗauka wasa ne. Ashe da gaske yake. Komai sai ya tambaye ni, daga wanda zai ba bashin wuri a kwantena har rigar da zai sa ranar Juma'a. Kuma ba ya tambaya a taƙaice, sai ya yi jawabi, ya kawo tarihi, tuwo yana hucewa. Wani lokacin nakan gaji, amma gaskiya na ji daɗi. Shekara da shekaru ina magana kamar da bango, sai ga shi yau ana cewa, “Waziriya, me kika gani?”

Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo ganin likitan gwiwa. Ni da Hajiya ba irin zaman suruka da ake ba da labari muke yi ba. Ƙawar mahaifiyata ce, ita ta ganni ta ce ta yi wa ɗanta kamu, kuma 'yata take kirana. Shi kuwa ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai “yaron nan”. Na yi murna da zuwanta ƙwarai, na gyara mata ɗakin yara, na yi mata miyar kuka da man shanun da ta kawo.

Kwana biyu da zuwanta muna cin abinci ya sanar cewa gobe zai kai ta kasuwar gwal a Deira, daga nan su wuce bakin ruwa, su ƙare a Al Rigga wurin abokansa. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, “Anya gwiwar Hajiya za ta ɗauki wannan yawon a rana ɗaya?” Sai ya ajiye cokali, ya ɗaga hannu kamar mai huɗuba, ya ce, “Waziriya ta yi magana, kuma gaskiya ta faɗa. An soke. A raba shi kwana uku.”

Hajiya ta tsaya da loma a hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa.

“Kai ne ka fasa abu don an ce ka fasa?”

“Ai shugaban da ba ya jin shawara, Hajiya, shi da rushewa ne.”

“Ikon Allah,” ta ce. “Yaron nan da ko yaye shi sai da aka yi kokawa. Ni na haife shi, ban taɓa ce masa gabas ya yi gabas ba.”

Muka yi dariya, ni da shi. Ita ba ta yi ba. Da ina da wayon da nake da shi yanzu, da tun a wurin na gane.

Daga ranar ta daina cin abincina. Na kawo tuwo ta ce cikinta ne, na kawo shinkafa ta ce likita ya hana, alhali ina wurin likitan bai ce komai a kan shinkafa ba. Sai burodi da shayin da ta dafa da hannunta, da dabino. Ruwa ma ta ware gorarta tana kwana da ita. Na kama ta tana yi wa hularsa tofi kafin ya fita. Matar da ke shan magunguna masu ƙarfi, ga shi ba ta ci, sai ramewa take a gabana. Shi kuwa maigidan bai ga komai ba, ya ce canjin ruwa ne.

Wata safiya ina shanya a baranda na jiyo ta tana waya da ƙanwarta. Ta rage murya, amma Hajiya ko raɗa take yi ana ji daga falo. “An gama da shi,” ta ce. “Sai abin da ta ce. Har wani suna yake kiranta da shi. Ina nan ina bincike, in na tabbatar sai na je wurin ubanta.”

Mahaifina limamin unguwarmu ne, a gidanmu ko laya ba a rataya wa jariri. A ce an je gabansa an ce 'yarsa ta bi boka ta mallake miji, wannan ba abin da zai wanku ba ne, ko da daga baya an gane ƙarya ce. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne a ce Hajiya ce ta yarda zan iya. Na shiga kicin na yi kukana a kan albasa don in an tambaya in sami abin faɗa. Ban gaya wa maigidan ba, ina tsoron in haɗa ɗa da uwa. Na dai duƙufa da addu'a Allah ya bayyana gaskiya. Ya kuwa bayyana ta, sai dai ba ta hanyar da na zata ba.

Ranar da abin ya faru yara suna makaranta, na sauka kanti in sayo mata kifi ko za ta yarda ta ci. Ina dawowa na tarar da ita zaune a kan darduma a tsakiyar falo, ta sa hijabi, ta ɗaura leda a hannu biyu kamar mai aikin asibiti. A gabanta ga littafin nan a kan faranti, a gefe ga bokitin wanki cike da ruwa, ganyen magarya yana yawo a kai. Ashe har da shi ta zo daga Kano. A hannunta kuma ga jan ƙullin nan, tana tsokanarsa da allura tana karanta Falaƙi da Nasi.

“Zauna, 'yar nan,” ta ce. Ba ta ce 'yata ba.

Na durƙusa da ledar kifi a hannu.

“A ƙarƙashin matashinsa na samo. An naɗe shi da fari kamar gawa. Ga rubutu nan ba na Musulmi ba, ba na boko ba, duk gidaje gidaje kamar hatimi. Ga wani da jini aka yi shi.”

“Hajiya, jan biro ne.”

“Ga ƙulli. Shi ma biro ne?”

Na yi mata bayanin matashi, na yi mata bayanin ɗankwali da hannun miya, na ce littafin maƙwabci ne, tarihi ne kawai. Ta girgiza kai ta ce duk wadda aka kama haka take cewa. Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Ni na zaɓo ki. In sharrin shaiɗan ne ki faɗa min, mu tuba tare, ba wanda zai ji.” A nan na gane ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, tana ganin za ta rasa ɗa da 'ya a lokaci guda. Muka zauna muna kuka mu biyu, ita kuma hannunta bai daina aiki ba. Ƙullin nan ya ba ta wuya, ta warware nan ya ƙulle can. Har ta share hawaye da gefen hijabi ta ce, “Wannan bokan dai ya san aikinsa.”

Da ƙyar ta gama. Furen nan ya koma dogon zare mai lanƙwasa kamar taliya. Ta yi hamdala, ta ɗauki littafin za ta tsoma a bokiti. Ban taɓa sa hannu na tare Hajiya a kan komai ba, amma ranar na kifa tafukana a kan bakin bokitin na ce, “Hajiya, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma wannan amana ce.”

Muna haka aka buɗe ƙofa, maigidan ya shigo cin abinci. Ya ga bokiti, ya ga littafi a sama da ruwa, ya ga jan zare a kan darduma. Sai tsohuwar muryar nan da na yi watanni ban ji ba ta dawo gaba ɗayanta. Ya hau faɗa, wa ya taɓa masa kaya, gidan nan ba a isa a ajiye abu ba, daga yau ba mai shiga ɗakinsa, ya faɗa ya gama, halas. Da yake ba zai iya kallon mahaifiyarsa ya yi ba, sai ya juya yana yi wa firij.

Hajiya ta ajiye littafin a hankali, fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannuwanta masu leda sama ta ce, “Alhamdu lillahi. Ɗana ya dawo.” Ta juyo gare ni, “Kin gani? Ko a ruwan ba a kai ga sa shi ba.”

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ga hawaye ga majina. Shi kuma ya tsaya baki buɗe, sai a lokacin ya fahimci abin da ake zargi. Ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Can ya ɗago, da yake bakinsa ya riga ya saba, ya ce, “Waziriya, yanzu yaya za a yi?”

“Ya koma,” in ji Hajiya, ta miƙa hannu ta jawo bokiti.

Na ce, “Abban yara, ka karanta mata kawai. Ta ji da kunnenta.”

Haka aka yi. Ya buɗe ɓangaren Turancin yana karantawa yana mayar mata da Hausa. Ya fara da wani sarki da ya hana talakawansa kuka da mulkinsa, har mutane suka koma in sun haɗu a hanya sai dai su kalli juna. Wazirinsa ya gargaɗe shi, ya ƙi ji, ƙarshe mutanen suka kore shi daga garin. Hajiya ta ce, “Maganinsa ke nan,” amma ba ta saki bokitin ba. Sai ya yi dabara ya nemo mata labarin wata dattijuwa da ɗanta babban mutum ne a fada. Ya dawo gida ya tarar da ita tana kaɗi, ya ce ta bari kada ta ba shi kunya, ita kuwa ta zaunar da shi ta wanke shi tas a kan girman kai da raina aiki. Nan Hajiya ta cire leda ɗaya. Ta sa ya maimaita mata wurin faɗan. Ta ce, “Wannan mata ta san tarbiyya. A ce a unguwarmu take da mun yi zumunci.”

Ta sa ya yi ta buɗe shafuka tana tambaya, nan fa, nan fa. Ko'ina sarki ne da fadawa suna ta magana.

“Duk littafin haka yake? Ba sunan aljani ko ɗaya?”

“Babu, Hajiya.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, “Wato tun kana rarrafe nake ce maka ka riƙa jin magana, ba ka ji ba, sai da matattun China suka faɗa maka.”

Sai ya ɗauki zaren nan yana juya shi, ya gaya mana abin da ni ma ban sani ba. Matar tsohon ce ta ƙulla masa shi da hannunta, kuma ta rasu kafin ya taho Dubai. Hajiya ta ce inna lillahi, ta karɓi zaren ta ɗora a cinyarta tana shafa shi kamar ɗan tsako. Ta yi ƙoƙarin mayar da shi yadda yake, abin ya gagara. Daga ƙarshe ta tufke shi da kyau, ta yi masa tuntu irin na carbi, ta ce a kai ta wurin mutumin, ita ta yi ɓarna ita za ta ba da haƙuri.

Bayan la'asar muka ƙwanƙwasa masa ƙofa mu uku, Hajiya tana dogara sanda, ina riƙe da ƙullin kilishi da dubulan. Maigidan ya yi tafinta, kuma Hajiya ta hana shi rage komai, har bokitin sai da ta sa ya faɗa. Tsohon ya karɓi zaren ya daɗe yana duba shi. Can ya ce zaren dai nata ne, bai canza ba, yanzu kuma hannun mata biyu ya taɓa shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya irin wadda ya yi a kan kujera. Ya ce a gaya wa Hajiya ya yi rayuwarsa yana koyar da littafin nan ga ɗalibai masu gyangyaɗi, bai taɓa samun wanda ya yarda da ƙarfinsa kamarta ba.

Da muka dawo Hajiya ba ta yi min dogon jawabi ba, ba halinta ba ne. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, “'Yata, kifin nan da kika sayo, a yi masa yaji sosai. Kuma in akwai sauran tuwon jiya a ɗumamo min kafin kifin ya nuna.” Ta cinye tas ta nemi ƙari. Ina miƙa mata ruwan wanke hannu ta riƙe yatsuna ta ce in yafe mata. Na ce ban riƙe ta da komai ba, kuma har ga Allah haka ne.

Ranar da za ta koma, muna jiran tasi a ƙasa, maigidan yana fama da akwatuna, ta jawo ni gefe ta yi irin raɗarta da kowa ke ji.

“Littafin nan, babu na Hausa? Ko na ajami?”

“Ban sani ba, Hajiya. Na wa?”

“Na Alhaji mana. Kina tsammani a ina yaron nan ya gaji taurin kan, in ba wurin ubansa ba?”

Maigidan ya yi kamar bai ji ba, amma na ga kunnensa ya motsa. Shi ma ba zan ce ya zauna a kan turbar littafin ɗari bisa ɗari ba, bayan ya mayar wa tsohon kayansa jawaban sun ragu, wani lokacin halas ɗin takan dawo. Amma bai sake sayen abin da ya fi ƙofa faɗi ba tare da ya tambaye ni ba.

Abin da na koya a wannan rana shi ne, mun saba da taurin kan mazanmu har ya zama in namiji ya saurari matarsa sai a fara neman inda aka binne abu, alhali shawara addininmu ne ya fara koya mana ita. Na kuma koyi cewa zargi yakan fito daga zuciyar da take sonka, kuma shirun da na yi don kunya shi ya ba shi wurin girma. Da tun ranar da ta daina cin abincina na ce a karanta mata shafi ɗaya, da Hajiya ba ta yi kwanaki tana cin burodi ba. Yanzu in na ga fuskar wani nawa ta canza, ba na jira sai an kawo bokiti, zuwa nake in zauna kusa da shi in tambaya.